Dizal Ko Fetur: Wane Inji Ne Zai Ɗauki Nauyin Aikinka?

Kwana kaɗan bayan Sallar Layya, ɗan ƙanwata ya iske ni a ƙofar gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana. Da muka gama gaisawa sai ya durƙusa a gefen tabarma ya miƙo mini wayarsa. Hoton mota biyu ne, dukansu a-kori-kura, ƙirar kamfani ɗaya, shekarunsu kusan ɗaya. Ɗaya fetur take sha, ɗaya dizal, mai dizal ɗin kuwa ta ɗara 'yar'uwarta tsada sosai.

"Kawu, abokaina sun ce injin dizal ba ya mutuwa. Inna kuma ta ce kada in sayo abin da gyaransa zai cinye mini jari. Na rasa na kamawa."

Na ce masa, "Kafin in ce komai, faɗa mini abu uku. Kilomita nawa za ta yi a wata? Me za ka ɗora mata? Wa zai taɓa ta ran da ta tsaya?" Ya yi shiru, don bai taɓa zama ya lissafa ko ɗaya ba. Na daɗe ina jigilar albasa da masara tsakanin arewacin Ghana da Kumasi. Na riƙe motar fetur, na riƙe ta dizal, na kuma sha wuni a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ina jiran a haɗa mini inji. Abin da na gaya masa ran nan shi zan shimfiɗa wa duk wanda ke tsaye a mararraba irin tasa.

Bari in gyara kalma ɗaya tun da wuri. 'Yan'uwanmu na Kano da Sakkwato sukan kira dizal "gas". Mu a nan in an ce gas, iskar tukunya ake nufi, wadda ake girki da ita kuma 'yan tasi ke sa wa motocinsu. A wannan rubutu dizal dizal ne, gas kuma iskar tukunya.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Abu biyar nake dubawa. Na farko kuɗi, kuma kuɗin mota gida uku ne: na saye, na mai, na sabis da gyara. Mutane da yawa na farkon kawai suke gani, wasu na biyun, kaɗan ne ke tunawa da na ukun. Sai ƙarfin ja da ɗaukar kaya. Sai ƙarko, wato shekara nawa injin zai yi kafin a buɗe shi. Sai sauƙin gyara: in ta tsaya maka a Kintampo ko Walewale, akwai mai iya ta, akwai kayanta? Na ƙarshe haɗari, abin da ke iya kashe injin farat ɗaya ko ya cutar da mai shi.

Inda bambancin ya samo asali

Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matsa su kamar sau 9 zuwa 12, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. Injin dizal ba shi da fulogin ƙyasta wuta. Iska zalla yake matsawa, sau 15 har zuwa 22, har ta yi zafin da in nozul ya fesa mai a cikinta zai kama da kansa. Dabarar da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi wa rajista ke nan tun cikin shekarun 1890.

Duk abin da za mu tattauna daga wannan matsin ya fito. Saboda shi dole a ƙera injin dizal da ƙarfe mai kauri, shi ya sa ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi ƙarko. Saboda shi kuma yake tatsar aiki mai yawa daga kowace lita. Ga shi litar dizal ita kanta ta fi litar fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. In ka haɗa biyun, motar dizal takan rage shan mai da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan takwararta ta fetur mai girma ɗaya.

Injin fetur

Wajen saye, fetur ne mai sauƙi. Ƙananan motocin hom-yus, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, da ke sauka a tashar Tema daga Amurka da Kanada kusan duk fetur ne, don haka kasuwa cike take da su, kana da zaɓi, kana da bakin ciniki. Sabis ma bai da nauyi. Corolla lita 4 na baƙin mai takan ci, a-kori-kura mai injin fetur 2.7 wajen lita 5 da rabi. Fulogi, kwayil, famfon tanki, duk abubuwa ne da za ka samu a Magazine ko Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, cikin awa ɗaya, sabo ko na hannu, kuma kowane fita, wato makanike, ya san su.

Inda yake cizo shi ne gidan mai. Ba kaya ma yana sha, in ka loda masa kuwa sai ka ga allurar tanki tana sauka kana kallo. Dalili shi ne ƙarfinsa a sama yake, sai ka taka shi ya yi ƙara kafin ya ba ka abin da yake da shi, kuma kowace takawa mai ce.

Ƙarko fa? A nan ana yi wa fetur rashin adalci. Injin fetur na Japan da aka riƙe da sabis a kan lokaci, ba a bar shi ya yi zafi ba, yana haura kilomita 300,000 lafiya lau. Dubi tasin da ke yawo tsakanin Kejetia da Tafo, wasu sun girmi direbobinsu. Abin da ke kashe shi a wurinmu yawanci lagireto ne da aka yi wa sakaci, da baƙin mai na jabu, ba wai raunin injin ba. Kuma ya fi jure zirga-zirgar cikin gari, a kunna a kashe, a yi kilomita uku a tsaya.

Yana da wata ƙofa da dizal bai da ita, ana iya juya shi ya sha gas. 'Yan tasi da yawa da haka suke rage tsadar mai. Amma in za ka yi, ka je wurin ƙwararre, don tukunyar da aka ɗaura a but da tiyo mai yoyo ba abin wasa ba ce. Fetur shi kansa tururinsa na kama wuta ko a sanyi, saɓanin dizal da sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya kama. Mai ajiye jarkar fetur a ɗaki ko kusa da murhu ya kiyaye.

Injin dizal: lissafin kuɗi

Tun 2015 gwamnati ta cire hannunta daga yanke farashin mai kai tsaye. Kamfanoni ke sa farashinsu, ana sabuntawa sau biyu a wata, hukumar kula da harkar man fetur ta ƙasa, NPA, tana sa ido. Wani lokaci fetur da dizal su tafi kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci dizal ya tsere. Saboda haka kada ka gina lissafinka a kan cewa dizal ya fi araha a famfo. Ribarsa a ƙarancin sha take.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, kai sai ka sa naka. A ce motar fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, ta dizal lita 9, duka biyun kuma Sidi 15 lita. A ce ta dizal ta fi tsada da Sidi 40,000 wajen saye.

In aikinka cikin Kumasi ne, kilomita 1,000 a wata, abin da za ka rage lita 30 ne, Sidi 450. Kafin wannan ya biya maka Sidi 40,000 sai ka haura shekara bakwai, kuma cikin shekara bakwai babu yadda za a yi ba ka yi babban gyara ba. In kuwa hanyar Tamale kake bi, wajen kilomita 380 zuwa, 380 dawowa, sau shida a wata tare da 'yan kewaye-kewaye, ka kama kilomita 5,000. Ragin ya zama lita 150, Sidi 2,250 a wata. Shekara ɗaya da rabi ka mayar da kuɗinka, abin da ya biyo baya riba ce. Mota ɗaya, farashi ɗaya, amma ga mutum na farko asara ce, ga na biyu jari.

Sannan ka tuna da Nuwamban 2022, lokacin da Sidi ya faɗi, dizal ya haura Sidi 23, fetur yana wajen 18. Sa waɗannan a misalinmu: kilomita 100 a fetur Sidi 216, a dizal Sidi 207. Sidi 9 kacal tsakani. Masu trotro, wato ƙananan bas na haya, da masu manyan motoci sun ji jiki a watannin nan, wasu sun jingine motocinsu. Abin ya wuce, amma wanda ya ga haka sau ɗaya ba zai rantse cewa ba zai dawo ba.

Sabis ɗin dizal ma ya fi nauyi. Baƙin mai wajen lita 7 ko fiye a a-kori-kura, filtar mai da ake canjawa a kai a kai, batir babba. A hunturu, in ƙura ta taso a hanyar Bolgatanga, filtar iska ba ta daɗewa, kuma inji mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba ya yafe ƙurar da ta tsallake filta.

Ja da ɗaukar kaya

A nan ne dizal ke cin sunansa. Fetur doki ne, dizal takarkari. Doki ya fi gudu, amma in an zo jan amalanke a tudu takarkari ake nema. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake rubutawa da Nm a takardar mota, da kuma juyin da injin ke yi kafin ya ba da shi.

Ɗauki Hilux, tunda ita ce aka fi sani, har ana harhaɗa ta a Tema tun 2021. Injinta na fetur 2.7 yana ba da Nm 245, amma sai ya kai juyi wajen 4,000 a minti. Na dizal 2.4 mai turbo, a ƙirarsa mai ƙarfi, yana ba da Nm 400 tun daga juyi 1,600. Na 2.8 kuwa daga 420 har 500, gwargwadon shekara da irin giya. Ma'anar wannan a hanya ita ce, in ka ɗauko masara daga Ejura ka fuskanci tuddan Mampong, ko kana hawa Kwahu daga Nkawkaw, mai dizal zai sa giya ta uku ya hau a natse. Mai fetur sai ya koma ta biyu, inji na kuka, allurar zafi na ɗagawa, kuloci na wari. Haka wajen tashi daga tsaye da tirela a baya, ko fita daga taɓon hanyar gona da damina.

Sai dai ba kowane dizal ne haka ba. Tsohon inji 3.0 marar turbo da ake kira 5L, wanda ke cikin Hilux da Hiace da yawa a ƙasar nan, wajen Nm 200 yake bayarwa, ƙasa da na fetur ɗin. Abin da ya cece shi shi ne tun a ƙasa yake ba da shi, kuma ba ya gajiya. Zai kai ka, amma ba da sauri ba, kuma wajen wuce tirela a hanyar Techiman sai ka yi haƙuri ka sami fili mai tsawo.

Akwai kuskuren da nake gani kullum, kuma yana cin rai. Mutum ya ga injinsa na ja, sai ya ɗauka motar ma za ta iya. A-kori-kura irin wannan wajen tan ɗaya aka ƙera ta ɗauka, ko fetur ko dizal. Buhun masara babba kilo 100 ne a faɗe, a kasuwa yakan haura, ke nan buhu goma ka cika. In ka ɗora ashirin injin dizal zai ja, amma birki da sifirin da taya ba su san da wannan yarjejeniya ba. Wajen jan tirela, masu ƙarfin cikin na dizal an ba su har tan 3 da rabi, na fetur wajen tan 2 da rabi, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Marar birki kilo 750 ne iyakarta a littafin mota. Hawa ba ya kashe mutane kamar gangara. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka.

Dizal iri biyu ne, kuma ƙarkonsu ba ɗaya ba

Da abokan yaron nan suka ce dizal ba ya mutuwa, na san wanda suke nufi. Dizal na da suke nufi, mai famfo na ƙarfe, irin na tsohuwar Benz 207 da ta yi shekaru tana trotro, da 5L, da 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser. Waɗannan ba su da kwamfuta mai yawa, wasu ba su da ita sam. Juyinsu kaɗan ne, ƙarfensu mai kauri. Ba abin mamaki ba ne ka ga wanda ya haura kilomita 500,000 ba a buɗe shi ba. In famfon ya gaji akwai masu saita shi a Magazine da suka gaji sana'ar daga iyayengidansu. Abin da suke nema a wurinka shi ne baƙin mai a kan lokaci, ruwa a lagireto, da bel ɗin taimin ga masu bel irin 5L da 1HZ. Wannan bel in ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran ya zama na inji gaba ɗaya. Kada ka jira ya nuna alama, ka canja shi a kilomitar da littafi ya faɗa.

Na zamani, wanda ake kira komon-rel, wata halitta ce daban. Ya fi ƙarfi, ya fi shiru, ya fi tsimin mai. Amma yana tura mai da matsin da ya kai bar 1,600 har ya haura 2,000, alhali tayar motarka bar 2 zuwa 3 ce. Ramukan injektansa, wato nozul ɗin da ke fesa mai, sun kai siririn gashi. A irin wannan matsi, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi kamar tsakuwa ce a ido.

Ni ganau ne. Wani dare ina tahowa da albasa, tsakanin Buipe da Kintampo, mai ya yi ƙasa, na sayi na jarka a bakin hanya. Bayan Kintampo fitilar ruwa-a-mai ta kama a gabana. Na ga ta, na ce bari in kai Techiman tukuna, don ina tsoron albasa ta kwana a hanya. Kafin Techiman inji ya fara karkarwa, farin hayaƙi na fita, daga nan ya mutu. Da janwe muka shiga Magazine. Dattijon da ke mini gyara ya kwance ƙasan filta ya tsiyaye a cikin farar kwalba, ya ɗaga ta a rana. Dizal ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa kamar yatsa biyu, da jan tsatsa yana yawo a ciki. Ya ce, "Alhaji, da ka tsaya lokacin da fitila ta kama, minti biyar ne aikin." Na ce, "Masta, yanzu fa?" Injekta huɗu da famfo. Kwana tara motar na jingine, kuma abin da na biya ya haɗiye ragin man da na tara na watanni masu yawa. Da fetur ce, da wanke tanki da canjin filta sun isa. Da tsohon dizal ne ma, da wataƙila ya yi tari ya wuce.

Man ƙasar nan ya gyaru, wannan gaskiya ne. Kafin 2017 dokar Ghana ta yarda da farar wuta, wato salfa, har kashi 3,000 cikin miliyan a dizal. Daga shekarar aka sauko da ita zuwa 50 ga man da ake shigowa da shi. Turai kuwa 10 suke amfani da shi, kuma don shi aka ƙera injinan da ke zuwa mana daga can. Ruwa a tankin gidan mai da gaurayen kananzir kuma ba doka kaɗai ke hana su ba. Mai komon-rel ya zaɓi gidan mai mai yawan ciniki ya riƙe shi, ya karɓi rasit.

Ga wata matsala da masu sayen Sprinter da sauran hom-yus na Turai ke faɗawa. Yawancin waɗanda aka ƙera daga wajen 2010 suna da matatar toka a salansa, DPF, na baya-bayan nan kuma har da tankin AdBlue, ruwan da ake fesa wa hayaƙi don rage gubarsa. Matatar nan sai ta yi zafi wajen digiri 600 take ƙone tokar da ta tara, kuma doguwar tafiya ce ke ba ta wannan zafin. Motar da ke wuni a cunkoson Kejetia ko tsakanin Nima da Circle a Accra ba ta samunsa. Sai matata ta toshe, bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ya cika da baƙin ƙulli, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Da yawa sukan cire su a sake saita kwamfuta. In aikin bai yi kyau ba fitila ba ta mutuwa, in ya yi kyau kuma tokar da matata ke tarewa ta koma huhun yaron mota da mai tallan da ke bakin titi. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansa. Mu da gidajenmu ke bakin tasha a zango, wannan magana tamu ce.

Haɗari biyu kuma a taƙaice. In yaron gidan mai ya zuba maka fetur a tankin dizal, kada ka kunna, a tura motar gefe a zuƙe, don dizal ne ke shafa wa famfo maiƙo, fetur kuwa wanke shi yake yi. Ambaliya ma, irin ta Aboabo ko ta kogin Odaw a Accra, kowane inji tana iya kashewa, amma dizal saboda matsinsa ruwa kaɗan ya isa ya lanƙwasa masa ƙarfen fistin.

A dunƙule

| Ma'auni | Fetur | Dizal na da | Dizal na zamani |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi sauƙi | Matsakaici, mai lafiya yana tsada | Mafi tsada |
| Shan mai | Da yawa, musamman da kaya | Matsakaici | Mafi ƙanƙanta |
| Sabis | Sauƙi | Matsakaici | Tsada |
| Babban gyara | Ana iya ɗauka | Ana iya ɗauka | Yana karya jari |
| Ja da hawan tudu | Sai an taka | A hankali amma ba gajiya | Mafi ƙarfi |
| Ƙarko | Mai kyau in an kula | Mafi daɗewa | Mai kyau in mai na da tsabta |
| Mai gyara a ƙauye | Ko'ina | Kusan ko'ina | Sai babban gari |
| Gajerun tafiye-tafiye | Ya dace | Yana jurewa | Suna cutar da shi |
| Gurɓataccen mai | Yana jurewa | Yana ɗan jurewa | Ba ya yafewa |
| Sayarwa daga baya | Ƙaramar mota na saurin fita | Yana riƙe daraja | Yana riƙe daraja in injekta lafiya |

In dizal na hannu za ka saya, ka je da sassafe kafin mai ita ya ɗumama ta, ka sa hannu a inji ka tabbatar da sanyinsa, sannan a kunna a gabanka. Mai lafiya bugu ɗaya yake tashi. Shuɗin hayaƙi baƙin mai yake ƙonawa. Farin da ya ƙi ɗaukewa injekta ne ko gasket. Buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, in yana huci kamar tukunyar tuwo to ringi sun gaji. Lambar kilomita kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Dubi sitiyari da fedar kuloci, su ba sa ɓoye shekarunsu. Komon-rel kuwa kada ka biya sai an jona ta da kwamfuta an karanta lafiyar injekta. Kuɗin wannan gwaji ba komai ba ne in aka kwatanta da kuɗin gyara.

Wa ya dace da wanne

Mai motar gida, kai yara makaranta, zuwa kasuwa, zuwa suna da biki, sai Accra ko Tamale sau biyu a shekara: fetur, ba tare da dogon tunani ba. Haka ɗan tasi da mai aikin Bolt ko Uber a cikin gari, ƙaramin injin fetur, in ya ga dama ya juya shi zuwa gas a hannun ƙwararre.

Mai doguwar hanya da kaya, Kumasi zuwa Tamale, Bawku ko Paga, ko mai jan tirela, tankin ruwa ko injin haɗa kankare: dizal mai turbo. Amma daga ragin man kowane wata ya ware wani abu ya ajiye da sunan injekta da turbo, kada ya ɗauke shi riba duka. In ya dawo daga doguwar tafiya kuma ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don turbo ya huce.

Mai aikin gona da ƙauye, inda mai na jarka ne kuma fita mai kwamfuta sai an yi tafiyar rabin wuni: tsohon dizal mai famfo, in ya sami mai lafiya, ko da ya ga shekarunsa sun yi yawa. In bai samu ba, gara fetur 2.7 da komon-rel ɗin da zai tsaya masa a daji.

Mai trotro a cikin gari yana tsaka mai wuya, don kilomitarsa da nauyinsa na dizal ne, amma cunkosonsa na toshe DPF. Shi ya nemi dizal marar wannan matata tun daga ƙira, ko kuwa ya riƙa ba motar doguwar hanya lokaci-lokaci.

Wanda kuma kuɗin motar shi ne duk abin da ya mallaka, babu ajiyar da zai taɓa in babban gyara ya faɗo, ya nisanci komon-rel na hannu ko da an yi masa araha.

Ɗan ƙanwata da muka zauna da biro da takarda, aikinsa ya fito fili: rarraba kayan shago daga Adum zuwa Asawase, Tafo da Ejisu, katan-katan da ba su kai rabin tan ba, kilomita wajen 1,200 a wata. Mai fetur ɗin ya saya, ragowar kuɗin ya sa sabbin taya huɗu ya ƙara kaya a shago. Na gaya masa ran da ya fara samun lodin Techiman da Tamale a kai a kai, ya dawo mu sake lissafi.